Ta Zana Abokanta da Koren Fenti, Amma Ido Bai Daina Ganin Baƙar Fata Ba

Kwanakin baya muna zaune a ɗakin gwaje-gwaje muna jiran na'ura ta gama aikinta, sai na miƙa wa wata abokiyar karatuna waya na ce ta duba wani zane. Wani saurayi ne zaune a cikin ɗaki, yana kallon mai kallonsa ido cikin ido. Na ce mata, "Wane irin mutum ne wannan?" Ko sakan biyu ba ta yi ba ta ce, "Baƙar fata ne mana, irin na Amurka." Na ce to ina baƙin yake? Ta sake dubawa, ta yi dariya ta ce, "Lallai kuwa, ashe kore ne."

Zanen na Jordan Casteel ne, wata 'yar Amurka da ta fara wannan aiki tun tana ɗaliba. Masu sharhi da yawa suna yabon ta da cewa sauya launin fatar da take yi yana tilasta wa mai kallo ya ajiye batun launin fata a gefe, ya ga mutum kawai. Ni dai ina ganin an ɗora yabon a inda ba nan ne wurinsa ba. Zanen nata yana da ƙarfi, babu shakka. Sai dai idan muka auna shi da abin da kimiyya ta gano game da yadda ƙwaƙwalwa ke karanta fuska, za mu ga cewa koren fentin shi ne mafi raunin dabarunta. Ƙarfin yana wani wuri daban, kuma shi nake so mu duba a yau.

Wace ce ita, me ta zana?

An haifi Jordan Casteel a birnin Denver na jihar Colorado a 1989. Ta yi digirinta na biyu a fannin zane a Jami'ar Yale, ta gama a 2014. Tana tsakiyar karatun ne, a watan Yulin 2013, wata kotu a jihar Florida ta wanke George Zimmerman, mutumin da ya harbe Trayvon Martin, wani yaro baƙar fata ɗan shekara 17 da ba ya ɗauke da makami, a Fabrairun 2012. Casteel tana da 'yan'uwa maza, ciki har da abokin tagwaicinta. Ta sha faɗa cewa wannan hukunci yana cikin abin da ya karkatar da ita ga zana maza baƙar fata, domin mutanen da ta sani a gida da makaranta ba su yi kama da hoton da ƙasar ke ɗauke da shi a kanta ba.

Sai ta fara zana abokai da waɗanda ta sani a kusa da ita. Ta baje kolin wannan rukuni a New York a 2014 da sunan Visible Man, wato mutumin da ake gani, wanda martani ne ga sunan littafin nan na Ralph Ellison na 1952, Invisible Man, mutumin da ba a gani. Mazan suna cikin ɗakuna, kan kujera ko gado ko ƙasa, kewaye da tarkacen rayuwar yau da kullum. Babu tufafi a jikinsu, amma yanayin zaman ya suturta tsiraicinsu. Na san wannan zai yi wa wasu masu karatu nauyi, amma akwai dalili: a shari'ar Trayvon Martin, rigar nan mai haɗe da hula da ya sa ta zama abin magana, kamar ita kaɗai ta isa shaidar mugun nufi. Casteel ta cire tufafin da ake yanke wa mutum hukunci da su. Sannan ta zana fatar da kore da shuɗi da ruwan goro da ja.

Kafin mu ci gaba, ya kamata a san cewa matsalar da take magana a kai abu ce da aka auna. A 2017 John Paul Wilson da Kurt Hugenberg da Nicholas Rule sun nuna wa Amurkawa hotunan fuskokin samari 'yan wasa, baƙaƙe da farare, waɗanda aka san ainihin tsayinsu da nauyinsu. Masu kallo sun riƙa ƙiyasta cewa baƙaƙen sun fi tsayi, sun fi nauyi, sun fi ƙarfi, alhali ma'auni bai nuna haka ba. Waɗanda ba baƙaƙe ba sun ƙara da cewa sun fi iya cutar da mutum. To ka ga idan ɗan sanda ko maƙwabci mai bindiga yana ganin yaro ya fi girmansa na gaskiya, batun ya wuce na ra'ayi, ya zama na rai da mutuwa.

Me ake nufi da "ba da saninmu ba"?

Idan masu sharhin zane suka ce wani aiki ya taɓa ɓoyayyen tunanin mutum, yawanci Sigmund Freud suke da shi a rai, wato wata rumbun sha'awoyi da tsoro da aka danne. Masu nazarin gani suna nufin wani abu mafi sauƙi, kuma mai aunuwa. Hasken da ke shiga ido bai ishi ƙwaƙwalwa ta san abin da ke gabanta ba, don haka takan cike gurbi da hasashe bisa abin da ta saba gani, cikin saurin da ba ma lura. Ibn al-Haytham ya yi bayanin irin wannan hasashe a littafinsa Kitab al-Manazir tun ƙarni na 11, sannan Bajamushe Hermann von Helmholtz ya sake gina batun a 1867.

Saurin har ina? A 2003 Tiffany Ito da Geoffrey Urland sun manna wa mutane wayoyin auna wutar ƙwaƙwalwa a fatar kai, suna nuna musu fuskoki. Martanin ƙwaƙwalwa ga fuskar baƙi da ta fari ya fara bambanta a kusan milisakan 120 da bayyanar hoton. Wato kafin ka ƙifta ido an riga an fara rarrabewa. Babu wanda ya nemi izininka.

Kuma ba launi kaɗai ake amfani da shi ba. Hoton baƙi da fari irin na da, wanda babu launi a cikinsa sam, ba ya hana ka gane Bature da Ba'afirke. Sifar hanci, leɓe, gashi, ƙasusuwan fuska, duk ƙwaƙwalwa tana haɗa su wuri guda. Casteel ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin mai zane ce da ke son fuskar ta yi kama da mai ita. Shi ya sa abokiyata ta ba da amsa ba tare da ta ga koren ba. Fentin ya sauya alama ɗaya ya bar sauran.

Wata gardama da ta faru a Yale ɗin

Akwai wani gwaji da ya yi suna wanda ya dace da wannan batu. A 2006 Daniel Levin da Mahzarin Banaji sun ɗauki fuskoki biyu masu ruwan toka, ɗaya mai sifar baƙi ɗaya mai sifar fari, suka daidaita su da kwamfuta yadda matsakaicin haskensu ya zama ɗaya. Duk da haka mutane sun ga fuskar baƙin ta fi duhu. Sai aka ce, to ga shi nan, abin da ka sani game da jinsin mutum yana shiga har cikin abin da idonka ke gani.

Labarin yana da daɗin ji, kuma da a ce nan ya tsaya da ya zama cikakkiyar hujja ga masu yabon Casteel. Amma a 2015 Chaz Firestone da Brian Scholl, waɗanda su ma a Yale suke a lokacin, sun dusashe hotunan nan biyu har suka zama dishi-dishi, yadda da yawan masu kallo ba sa iya cewa ga jinsin kowanne. Hatta waɗanda ba su bambance jinsin ba sun ci gaba da ganin fuska ɗaya ta fi duhu. Ma'ana, mai yiwuwa bambancin yana cikin yadda haske da inuwa suka rarrabu a kan hotunan ne, ba a cikin abin da mai kallo ya yi imani da shi ba. Levin da wani abokin aikinsa sun mayar da martani, kuma har yau masana ba su rufe wannan babi ba.

Darasin da na ɗauka daga nan shi ne a yi hattara. Tabbas ƙwaƙwalwa tana rarraba mutane da sauri, kuma tabbas hukuncin da muke yankewa yana karkata. Amma cewa wariya tana sauya ainihin launin da ido ke gani, ko cewa wani zane ya shiga can ciki ya gyara, wannan magana ce da ta yi wa hujja nisa. Idan masu bincike da na'urorinsu suna ta ja-in-ja a kan fuskoki biyu masu ruwan toka, bai kamata mai sharhin zane ya yanke hukunci da jimla ɗaya ba.

Ba ina cewa launukan banza ba ne. Suna yin wani aiki ƙarami amma na gaske: suna sa ka kama kanka. Dariyar da abokiyata ta yi, ta mutumin da ya gano cewa ya ba da amsa kafin ya duba ce. Sannan a ɓangaren zane zalla, launukan suna tunatar da mu cewa fatar baƙi ba launi ɗaya ba ce. Duk wanda ya lura da fuskar mutum a ƙarƙashin fitilar mai shayi da daddare ya san tana ɗaukar ja da shuɗi da ruwan zuma gwargwadon hasken da ya sauka a kanta. Wannan Casteel ta iya shi ƙwarai.

Inda ƙarfin yake: idon wanda ya san ka

Yanzu ga gwajin da nake ganin ya fi kowanne bayyana abin da ke faruwa a zanen nan. A 2011 Rob Jenkins da Mike Burton da abokan aikinsu sun tara hotuna 40, ashirin-ashirin na wasu mata biyu da suka shahara a ƙasar Holan amma ba a san su a Birtaniya ba. Suka ba 'yan Birtaniya suka ce su ware hotunan, kowane mutum da tarinsa, ba tare da an gaya musu mutum nawa ne ba. Matsakaicin abin da suka ware shi ne mutum bakwai zuwa takwas, kuma babu ko ɗaya da ya ce biyu ne. Da aka ba 'yan Holan da suka san matan, kusan dukkansu suka ware tari biyu cikin sauƙi.

Hotuna ɗaya, ido iri ɗaya, amma sakamako ya sha bamban. Fuskar wanda ka sani da ta baƙo, ƙwaƙwalwa ba ta yi musu aiki iri ɗaya. Baƙo kana ganinsa ne ta manyan alamomi: namiji, saurayi, baƙi, dogo. Aboki kuwa ka gan shi yana dariya, ka gan shi da zazzaɓi, ka gan shi da aski da kuma ba aski, har ƙwaƙwalwarka ta tace abin da ba ya sauyawa a fuskarsa. Shi ya sa kake gane ɗan'uwanka daga nesa a cikin cunkoson kasuwa.

Idan baƙon kuma daga jinsin da ba ka saba gani ba ne, abin ya ƙara tsananta. Mu ma nan mukan ce 'yan China duk kamarsu ɗaya, su ma haka suke cewa game da mu. Ba a haifi kowa da wannan ba. A 2007 David Kelly da abokan aikinsa sun gwada jarirai Turawa a Ingila: 'yan wata uku suna bambance fuskoki a cikin kowane jinsi da aka nuna musu, amma zuwa wata tara sai fuskokin jinsinsu kaɗai suke bambancewa. A 2005 kuma Sandy Sangrigoli da abokan aikinta sun gwada manya 'yan asalin Koriya da iyalai Turawa suka ɗauka riƙo tun suna tsakanin shekara 3 zuwa 9. Sun fi iya gane fuskokin Turawa a kan na 'yan Asiya, kamar dai sauran Faransawa. Ashe abin sabo ne, kuma sabo yana sauyawa.

To a nan ne nake ganin gwanintar Casteel. Kusan duk shawarar da ta yanke a zanen nan tana tura mai kallo daga kallon baƙo zuwa kallon sani. Yawancin zanen sunan mutumin da ke ciki shi ne sunansa. Ɗakin da yake zaune ba bango ne kawai ba, an zana littattafai, fitila, zanen gado, hotunan da ke rataye, abubuwan da ke cewa wannan mutum yana da jiya kuma yana da gobe. Hannaye da ƙafafu takan ba su kulawa kamar fuska. Idanun suna kallonka kai tsaye, ba da fushi ba, ba da roƙo ba, irin kallon wanda ya saki jiki da wanda ke gabansa. Sannan girma: idan a waya kake gani, ka tuna cewa da yawansu suna kai mita biyu ko kusa da haka a tsaye, don haka a gaban zanen kai ne ƙarami. A gwajin Wilson girman jikin baƙi shi ne abin tsoro. Casteel ta ƙara masa girman da gangan, ta zaunar da shi cikin natsuwa, ta bar ka ka ji yadda girma yake idan babu barazana a tare da shi.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce abin da ya biyo baya. Da ta koma unguwar Harlem ta New York, inda ta yi zaman aiki a Studio Museum daga 2015 zuwa 2016, sai ta fita titi tana zana masu sayar da kaya a bakin hanya da masu shaguna da maƙwabta, kowa da tufafinsa. Takan tsaya ta gabatar da kanta, su yi hira, ta ɗauki hotuna masu yawa, sannan ta koma ta yi zanen daga hotunan. A yawancin waɗannan launin fatar ya matso kusa da na zahiri, kuma zanen bai rasa komai ba, ƙaruwa ma ya yi. Dubi The Baayfalls na 2017, wanda daga baya aka mayar da shi katafaren zanen bango a High Line ta New York a ƙarshen 2019. Mace ce da namiji masu alaƙa da Senegal zaune a gefen titi kusa da hulunan da ake sayarwa, sunan kuma yana nuni ga Baye Fall, wani reshe na ɗarikar Muridiyya. Ɗan Afirka ta Yamma yana kallo zai ga mutanen da ya san irinsu, da addininsu da sana'arsu, ba "baƙaƙen Amurka" a dunƙule ba. Ba a buƙaci koren fenti ba kafin a kai ga haka.

Inda zanen ya gaza

Sai dai akwai iyaka, kuma bai kamata son aikin ya hana mu faɗa ba. Abotar ta Casteel ce, ba ta mai kallo ba. Ita ce ta zauna da su, ta san muryarsu. Kai da ka shigo gidan baje koli ka tsaya minti biyu, kana matsayin 'yan Birtaniyan nan ne da aka miƙa wa hotunan matan Holan. Hoto ɗaya, komai kyansa, ba ya gina sanin da gwajin Jenkins ya nuna, domin wannan sani daga ganin mutum a yanayi daban-daban yake zuwa. Zanen yana nuna maka yadda kallon aboki yake, amma ba ya mayar da kai aboki.

Akwai ɗan abin ƙarfafa gwiwa. A 2009 Sophie Lebrecht da abokan aikinta sun horar da Turawa su riƙa bambance fuskokin baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, kuma waɗanda suka fi ƙwarewa sun nuna raguwar karkata a gwajin da ke auna saurin haɗa fuska da kalma mai kyau ko mara kyau. Amma mutum 20 ne kawai a binciken, kuma horo ne na zama da yawa, ba kallo ɗaya ba. Da Calvin Lai da tawagarsa suka gwada dabaru tara na rage irin wannan karkata a 2016, dukkansu sun yi tasiri nan take, amma bayan 'yan sa'o'i zuwa 'yan kwanaki tasirin ya gushe. A 2019 kuma Patrick Forscher da abokan aikinsa sun tattara bincike kusan 500, suka ga cewa ko an sauya makin mutum a irin waɗannan gwaje-gwaje, ba lallai halinsa a aikace ya sauya ba. Duk wanda ya ce maka ya shiga baje koli ya fito a wanke, jin daɗin ransa yake faɗa.

Sannan ga batun wanda ke kallon. A yau ana sayar da zanen Casteel a gwanjo da dubban ɗaruruwan daloli, ta kuma samu babbar kyautar nan ta MacArthur a 2021. Ta cancanta. Amma hakan yana nufin fuskar mai sayar da kaya a bakin titin Harlem tana iya ƙarewa a falon attajirin da ba zai taɓa tsayawa ya gaishe shi ba. Wannan ba laifin mai zanen ba ne, kuma zanen bangon High Line da kowa ya riƙa gani kyauta a lokacin ya rage kaifin matsalar. Duk da haka, mutanen da kallonsu ya fi yin illa, kamar mai sintiri da daddare ko mai tantance takardun neman aiki, ba lallai su ne ke zuwa kallon zane ba.

Mu kuma fa?

Mai karatu a Kano ko Damagaram zai iya cewa wannan matsalar Amurka ce, kuma da gaskiyarsa ta wani ɓangare. Rabe-raben can ba namu ba ne. Wanda muke kira fari ko wankan tarwaɗa a nan, idan ya sauka a New York baƙi ne kawai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa layin da ake ja tsakanin jinsi da jinsi al'umma ce ke ja, ba fata ba. Amma injin rarrabewar iri ɗaya ne a kan kowa. Mu namu yana aiki da tsagar fuska, da irin hula, da karin harshe, da sunan mahaifi. Robert Kurzban da John Tooby da Leda Cosmides sun nuna a 2001 cewa idan aka ba mutane wata alamar ƙungiya, kamar launin rigar 'yan wasa, cikin ƙasa da minti huɗu sukan rage dogaro da launin fata wajen rarraba mutane. Abin da ƙwaƙwalwa ke nema shi ne wane ne namu, wane ne nasu, kuma duk alamar da ta samu da ita za ta yi aiki.

Hukuncina a kan aikin Casteel shi ne, zane ne mai kyau da aka fi yabo a kan abin da bai yi ba. Bai goge launin fata daga idon kowa ba, kuma ban ga alamar ita kanta tana son a manta cewa baƙaƙe take zanawa ba. Abin da ya yi shi ne ya nuna, da haƙuri da ƙwarewa, yawan abin da ke akwai a fuskar mutum bayan milisakan 120 ɗin farko sun wuce. Idan kana da data, nemi sunanta a intanet, ka buɗe zane ɗaya a babban allo idan da hali. Ka lura da kalmar farko da ta faɗo maka a rai, sannan ka ci gaba da kallo na minti biyar, ka lissafa abubuwan da ka gani waɗanda wannan kalma ba ta ɗauke da su. Ka gwada da wani na kusa da kai ma, ku kwatanta, sai ku rubuto mana abin da kuka samu.